Daga Tarko Zuwa Suna: Yadda Ake Tantance Ɗan Jatan Landen Ƙasan Teku

Idan aka saukar da mataccen kifi zuwa ƙasan Kwazazzabon Mariyana da ke yammacin Tekun Fasifik, inda zurfin ruwa ya kusa mita 11,000, ba ya daɗewa sai wasu ƙananan halittu su yi masa caa, su cinye tsokar su bar ƙaya. Kamanninsu na jatan lande ne, tsawonsu santimita kaɗan, kuma a idon wanda bai saba ba dukkansu ɗaya ne. Mafi shahara a cikinsu ita ce Hirondellea gigas, daga rukunin da masana ke kira amfifoda. Da ita za mu yi misali a wannan jagora, amma matakan suna aiki a kan kowace 'yar'uwarta.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, sunan irin wannan halitta ba a ganinsa a hoto. Yana ɓoye a cikin gaɓoɓin bakinta da siffar 'yan yatsunta, wani lokaci a wata 'yar tsaga da ba ta kai tsinin allura ba. Duk wanda ya yi gaggawa a matakin farko, babu gyaran da zai iya yi a na ƙarshe.

Mataki na farko: awa ɗaya bayan fitowar tarko

Ana kamo su ne da wata na'ura mai ƙafafu da ake saki daga jirgi, ta nitse da nauyin ƙarfen da aka ɗaura mata, ɗauke da tarkuna masu bakin mazurari da kifi mai maiƙo a ciki. Bayan ta yi sa'o'i a ƙasa, sai a aika mata da sauti ta cikin ruwa, ta saki ƙarfen, ta taso. Tun kafin a saukar da ita, a nannaɗe kifin a cikin raga mai ƙananan idanu. Ƙamshi zai fita ya jawo su, amma ba za su cika tumbi ba. Wannan na da muhimmanci ta fuska biyu: tumbin da ya cika yana kumbura jiki har ya sauya siffar gaɓoɓi, kuma naman kifin yana iya gurɓata gwajin ƙwayoyin gado daga baya.

Ka tuna daga inda suka fito. A can ƙasa sanyin ruwa bai wuce digiri 1 zuwa 2.5 a ma'aunin Salshiyas ba, nauyin ruwan da ke kansu kuma ya ninka na iskar da muke ciki fiye da sau 1,000, domin kowane mita 10 na ruwa yana ƙara ninki ɗaya. Kafin su iso sama sun ratsa ruwan ɗumi, yawancinsu sun mutu ko suna gab da mutuwa, jikinsu ya fara lalacewa. Don haka da tarko ya hau jirgi, a juye shi cikin ruwan teku mai sanyi, a yi aikin a kan ƙanƙara ko a ɗakin sanyi.

Hoto ne aikin farko, kafin kowane sinadari ya taɓa su. A kwantar da halittar a gefenta, a sa ma'aunin milimita kusa da ita, a ɗauki dukkan jiki sannan a matso kan kai. Launin jiki da na ido suna gushewa a cikin itanol, wato ruwan sinadarin da ake adana samfuri a ciki, kuma a wasu zuriyoyin, irin su Eurythenes, siffar ido na cikin alamomin da ake duba wa.

Daga nan a raba kamun gida biyu. Kaso ɗaya ya shiga itanol mai ƙarfin kashi 95 cikin 100 ko sama da haka, mai sanyi, domin gwajin DNA, wato ƙwayoyin gado; a sauya itanol ɗin bayan kwana ɗaya, saboda ruwa da man da ke fita daga jikinsu suna raunana shi. Ɗaya kason na nazarin siffa ne, ana ajiye shi a itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, wanda ba ya busar da gaɓoɓi su riƙa karyewa. Fomalin, wani sinadarin adanawa dabam, yana riƙe siffa da kyau, amma yana lalata DNA, saboda haka kada ka zuba dukkan kamunka a cikinsa. A cikin kowace kwalba, a jefa takarda da aka rubuta da fensir: sunan jirgi, lambar tasha, kwanan wata, zurfi, da layukan taswira na wurin. A ciki, ba a jikin murfi ba. Murfi yana musanyuwa, tawadar biro tana narkewa, kuma samfurin da ba a san inda ya fito ba ya tashi daga zama hujja.

Mataki na biyu: tabbatar da cewa amfifoda ce

Wannan ba ya cin lokaci. Ka sa ta a ƙaramin farantin gilashi, itanol ya rufe ta, ka duba a madubin ƙara girma mai ido biyu. Amfifoda a matse take ta gefe da gefe, bayanta a lanƙwashe kamar baka. Ba ta da babban ɓawon nan guda ɗaya da ke rufe kai da ƙirjin jatan lande da ƙaguwa. Kowace gaɓa a fili take. Idanunta, idan akwai, a manne suke da kai, ba a kan sanda ba. Idan ka ga jikin a baje yake daga sama zuwa ƙasa kuma ƙafafun duk kusan iri ɗaya ne, to aisofoda ce ke hannunka. Sunayen ma daga nan suka samo asali a harshen Girka: aisofoda na nufin ƙafafu iri ɗaya, amfifoda kuwa ƙafafu iri dabam-dabam.

Mataki na uku: ƙirga jiki daga kai zuwa wutsiya

Jikin kashi uku ne. Akwai kai, sai ƙirji mai gaɓa 7, sai ciki mai gaɓa 6, a ƙarshe kuma wani ɗan faifai da ake kira telson. Ka saba da ƙirga su da allura, ɗaya bayan ɗaya, har hannunka ya san wurin kowace ba tare da tunani ba, domin duk bayanin da za ka karanta a littattafan tantancewa da lambobin nan yake magana.

A kai akwai ƙahonin ji nau'i biyu. Na farko yana da gindi mai gaɓa 3, sai bulala, kuma sau da yawa da wata ƙaramar bulala a gefe. Na biyu gindinsa gaɓa 5 ne. A cikin dangogin masu cin mushe da Hirondellea take ciki, gindin ƙahon farko gajere ne kakkaura, kuma a farkon bulalarsa za ka ga wani gungu na gashi mai kama da buroshi. Da shi take shinshina ƙamshin mushe a cikin duhun da hasken rana bai taɓa shiga ba. Duk lokacin da na kalli wannan ɗan buroshin a ƙarƙashin madubi, yana wal-wal kamar zaren gilashi, sai in tuna cewa rayuwar halittar kaf a kansa ta rataya.

Kowace gaɓar ƙirji tana ɗauke da ƙafa biyu, dama da hagu. Ƙafafun gaɓoɓi biyun farko an sauya musu aiki, sun zama hannuwan kama abinci. Na sauran gaɓoɓi biyar kuwa na tafiya da maƙalewa ne. Kowace ƙafa gaɓa 7 ce. Ta farko, wadda ke manne da jiki, ta baje ta zama garkuwa a gefen ƙirji, ta ƙarshe kuma farce ce. A cikin gindin ƙafafun, daga ta biyu zuwa baya, za ka ga wasu fararen jakunkuna masu laushi, su ne gaɓoɓin numfashi.

Gaɓoɓi 3 na farkon ciki suna da ƙafafun iyo masu gashi, waɗanda ke kaɗawa ba tsayawa don tura ruwa ta kan gaɓoɓin numfashi. Gefen kowace gaɓa a nan ya sauko kamar fiffike. Ka lura da kusurwar baya ta na ukun, ko zagaye take, ko tana da tsini, ko ƙugiya. Gaɓoɓi 3 na ƙarshe suna da ƙafafun wutsiya masu tauri da ke kallon baya, kowace da reshe biyu. Sai telson: ka duba ko a tsage yake, kuma tsagar ta kai kashi nawa na tsawonsa.

Yanzu auna. Da yake jikin a lanƙwashe yake, ba a ɗora masa ma'auni miƙaƙƙe. A kan hoton ake bin layin baya da manhajar awo, daga tsinin goshi zuwa wutsiya. Ka rubuta a fili ko a gindin telson ka tsaya ko a ƙarshensa, ka kuma tsaya a kan hanya ɗaya ga dukkan samfuran.

Mataki na huɗu: mace, namiji, ko yaro

Kada ka tsallake wannan, domin nan ne mutane da yawa suka ba nau'i ɗaya suna biyu. Ka ɗaga garkuwar gefe a hankali ka leƙa ciki. Mace tana da wasu siraran ganyaye a gindin ƙafa ta 2 zuwa ta 5, waɗanda ke haɗuwa a ƙarƙashin ƙirji su zama aljihun goyo. A nan take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma su fito da siffar manya kai tsaye, ba sa bin matakin tsutsa mai yawo a ruwa kamar 'ya'yan ƙaguwa. Idan ganyayen sun yi dogon gashi a gefe, macen ta balaga. Namiji yana da 'yan tsiro biyu ƙanana a ƙarƙashin gaɓar ƙirji ta 7, kuma a nau'o'i da dama ƙahonsa na biyu ya fi na mace tsawo. Wanda ba a ga ko ɗaya a jikinsa ba yaro ne, kuma ba a gina bayanin nau'i a kan yaro, saboda yawan ƙayoyi da tsawon gaɓoɓi suna sauyawa da kowace saɓa.

Wani abin lura kuma: mata masu ɗauke da ƙwai ba kasafai suke shiga tarkon abinci ba. Idan ka dace da guda, ka ware ta a kwalbarta ita kaɗai, kada ƙwan ya zube ya gauraye da na wata.

Mataki na biyar: fiɗa

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne haƙuri ke ƙarewa mutane. Ka zaɓi baligi mai cikakkun gaɓoɓi. Kafin allura ta taɓa shi, ka zana ko ka ɗauki hoton dukkan jikinsa daga gefe, sannan ka cire ƙafar iyo ɗaya ko biyu ka ajiye a itanol mai ƙarfi don gwajin DNA. Ta haka siffa da ƙwayoyin gado za su fito daga jiki ɗaya, ba wanda zai ce maka wataƙila halittu biyu ka haɗa.

Ka mayar da shi cikin ɗigon gilisarin. Gilisarin ba ya bushewa da sauri kamar itanol, kuma kaurinsa yana hana ƙananan gaɓoɓi tsalle su ɓace. Kayan aikinka allurai biyu ne masu matuƙar siranta da hantsaki mai tsini. Gefe ɗaya kawai za ka fiɗe, ka bar ɗayan yadda yake don wanda zai zo bayanka. Ka fara daga baya ka taho gaba: telson, ƙafafun wutsiya, ƙafafun ƙirji kowace tare da garkuwarta, sannan ƙahoni. Allura ɗaya tana danne jiki, ɗayar tana shiga daidai fatar da ke haɗa gaɓa da jiki. Ba ja ake yi ba, turawa ake yi a hankali har ta saki da kanta. Duk wadda ta fita, nan take ta tafi kan fallen gilashinta mai lamba. Kada ka tara su wuri ɗaya da niyyar za ka gane su daga baya. Ƙafa ta 6 da ta 7 suna kama da juna fiye da yadda kake zato.

Baki shi ne na ƙarshe, kuma ya fi komai wuya. Gaɓoɓinsa a jere suke kamar shafukan littafi, ana buɗe su daga baya: da farko wasu ƙananan ƙafafu biyu da suka haɗe a gindi suka rufe bakin kamar murfi, sai ƙaramin muƙamuƙi na biyu, sai ƙaramin muƙamuƙi na farko, sai leɓen ƙasa, sai manyan muƙamuƙai, sai leɓen sama. A nan ka karya dokar gefe ɗaya, ka cire manyan muƙamuƙan duka biyu, domin na dama da na hagu ba iri ɗaya ba ne. A yawancin wannan dangi, na hagu ne kaɗai ke da wani ɗan haƙori mai motsi a bayan wuƙar yanka. Ka duba wuƙar ko santsi gare ta ko haƙora, ka duba dutsen niƙa da ke ƙasa da ita ko mai faɗi ne ko ya zama ɗan harshe mai gashi, ka kuma lura da inda ɗan yatsan muƙamuƙin mai gaɓa 3 ya tsiro. Masu yankar tsoka wuƙarsu faffaɗa ce mai santsi, ta dace da yanke loma a haɗiye.

Idan gaɓoɓin sun yi fari ƙal har ba a ganin iyakarsu, ɗan rini yana taimakawa, idan kuma tsoka ta cika su ta hana haske wucewa, ɗigon asid ɗin laktik yana wanke su su zama garai-garai. Sai a rufe da siririn gilashi, a koma babban madubi, a zana. Har yau zane ya fi hoto a wannan fage, saboda hoto yana kama zurfi ɗaya ne kawai, mai zane kuwa yana juya madubi sama da ƙasa ya tattara kowace ƙaya a takarda guda. Kuma wanda ya zana gaɓa da hannunsa dole ya ƙirga ƙayoyinta, ba zai wuce su da ido ba.

Mataki na shida: sauka daga babban rukuni zuwa nau'i

Rabe-raben halittu tsani ne, ana saukowa ne daki-daki. Halittarmu dabba ce daga Arthropoda, masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi. A cikinsu tana cikin Crustacea, masu ƙahoni nau'i biyu. Ajinta Malacostraca ne, tare da ƙaguwa da jatan lande. Aljihun goyon nan da ka gani ya sa ta cikin Peracarida, matsattsen jiki da ƙafafun wutsiya nau'i 3 kuma suka sa ta cikin Amphipoda, sahun da masanin Faransa Latreille ya raɗa wa suna a 1816, wanda a yau aka san nau'o'insa fiye da 10,000.

Daga nan zanenka zai fara biyan ka. Ka dubi hannu na biyu. Idan siriri ne, gaɓarsa ta uku doguwa ce fiye da yadda aka saba, ƙarshensa kuma dunƙulalle mai gashi da ɗan mitsitsin farce, ga kuma gajeren gindin ƙahon nan, to kana cikin babban dangin Lysianassoidea. Sai ka dubi garkuwar ƙafa ta farko: a Hirondellea ƙarama ce, ta biyun ta rufe wani sashenta. Sannan ka koma kan ƙaramin muƙamuƙi na farko, ka bi gefen ɗan yatsansa har kusa da ƙarshe. Akwai wata 'yar tsaga a wurin, tana cikin alamomin da masana Lowry da Stoddart suka dogara da su lokacin da suka ware wa wannan zuriya danginta, Hirondelleidae, a 2010. Rarrabe nau'o'in cikin zuriyar kuma sai da siffar tafin hannu na farko, kusurwar fiffiken ciki na uku, da zurfin tsagar telson, kana gwada kowanne da ainihin bayanin farko da aka wallafa, ba da hoton da ka tsinta a intanet ba.

Sunan kansa yana ɗauke da tarihi. Masanin Faransa Édouard Chevreux ne ya kafa zuriyar Hirondellea a 1889, ya ɗauko sunan daga Hirondelle, jirgin binciken Yarima Albert na Ɗaya na Monako. Nau'in gigas kuwa masana biyu na Tarayyar Sobiyat, Birstein da Vinogradov, suka bayyana shi a 1955 daga Kwazazzabon Kuril-Kamchatka, a ƙarƙashin wata zuriya dabam mai suna Tetronychia. Shi ya sa ake rubuta cikakken sunan haka: Hirondellea gigas (Birstein & Vinogradov, 1955). Bakan da ya kewaye sunayensu ba ado ba ne, alama ce cewa an ɗauke nau'in daga zuriyar da aka fara sa shi. Kafin ka rubuta kowane suna a rahoto, ka duba shi a rumbun WoRMS, inda ake sabunta sunayen halittun teku, don ka tabbata shi ne karɓaɓɓe a yanzu.

Zurfi da wuri shaidu ne, amma ba alƙalai ba. An san gigas a kwazazzaban arewa maso yammacin Fasifik, irin su Mariyana, Izu-Bonin da na Filifin, 'yar'uwarta Hirondellea dubia kuma a na Kermadec da Tonga da ke kudu. Idan samfurinka ya fito daga wani teku dabam amma ya yi kama da gigas, wannan dalili ne na ƙara bincike, ba na saurin sa suna ba.

Mataki na bakwai: shaidar DNA

Ƙafar iyon da ka ajiye za ta je ɗakin gwaji. Abin da aka fi karantawa shi ne wani yanki na ƙwayar gado mai suna COI, mai harafi kusan 658, galibi tare da wani yankin mai suna 16S, sai a gwada sakamakon da abin da ke rumbunan bayanan DNA na GenBank da BOLD. Amfaninsa ya fito fili a kan Eurythenes gryllus, wadda aka daɗe ana ɗauka nau'i ɗaya ce da ta game tekunan duniya, har binciken ƙwayoyin gado a 2013 ya nuna tarin nau'o'i ne masu kama da juna. Da aka koma kan madubi, sai ga bambance-bambancen siffar da aka yi ta wucewa. Sai dai rumbun yana maimaita sunan da wani ya shigar ne kawai. Idan wancan ya yi kuskure, dacewar kashi 99 cikin 100 kuskurensa za ta gadar maka. Ka bi diddigin wanda ya tantance samfurin, ka ga ko an ajiye jikinsa a wani gidan adana da za a iya dubawa.

Idan alamomin ba su zauna daidai ba, akwai hanyar faɗin gaskiya a rubuce. Hirondellea sp. na nufin ka tabbatar da zuriya kaɗai. Hirondellea cf. gigas na nufin ta yi kama da ita ƙwarai amma akwai sauran tabbatarwa. Wannan ya fi cikakken sunan da aka ƙaƙaba, domin suna marar tushe yana shiga taswirori da ƙididdiga, wasu su yi ta gini a kansa shekaru.

In kuwa siffa da DNA duka sun nuna sabuwa ce, dokokin raɗa wa dabbobi suna na duniya sun tanadi hanya. Za ka zaɓi samfuri ɗaya ya zama ma'aunin sunan har abada, ka ajiye shi da fallayen gilashinsa a gidan adana kayan tarihin halitta mai ba da lamba, ka wallafa bayanin da ya nuna abin da ya raba ta da 'yan'uwanta. Tun daga 2012, idan mujallar ta intanet ce zalla, sai an yi wa aikin rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi, kafin sunan ya tabbata. Ta wannan hanya aka bi a 2020 wajen bayyana Eurythenes plasticus daga Kwazazzabon Mariyana, a zurfin da ya haura mita 6,000. Da aka buɗe hanjin ɗaya daga cikin samfuran, an tarar da zaren roba irin wanda ake yin gorar ruwa da tufafi da shi, daga nan sunan ya fito. Saboda haka idan ka gama da ƙafafu da baki, kada ka zubar da gangar jikin. Ka mayar da ita kwalbarta tare da takardarta, ka cika itanol har wuya, ka rubuta lambobin fallayen gilashin a bayan takardar da fensir.